Yashin da ke Ƙasan Tafkin Baffa

Daga Allah muka zo, gare Shi kuma za mu koma. Baffa ya cika ranar wata Laraba da hantsi, ana tsakiyar yankan dawa, kafin azahar an kai shi makwancinsa. Wan mahaifin maigidana ne. Shi ya riƙe maigidana da wansa tun suna ƙanana bayan rasuwar ubansu, don shi Allah bai bar masa ɗa ko ɗaya ba. A gidansa aka kawo ni, a gidansa na haihu, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa kirana da komai ba sai Amarya, ko da ina goye da ɗiyata.

Gidan ya cika maƙil. Mata sun zo daga Bakori, daga Gozaki, har da na cikin Funtuwa. Ni ce mai zagayawa da ruwan sha, saboda haka babu abin da ya wuce kunnena.

Wata tsohuwa daga Gozaki ta gama addu'arta, ta shafa, ta gyara zama ta ce, “Allah Ya jiƙan Malam. Ba faɗa, ba gulma. Abu ɗaya dai, rowar kifi.”

Ta kusa da ita ta zungure ta. “Ke, a gidan mutuwa?”

“To ƙarya na yi? Tun ina da haƙora nake zuwa gidan nan, ko kan tarwada ban taɓa tsotsa ba. Ga su can bayan ɗaki kamar cinyar mutum.”

Wasu suka toshe baki da mayafi suna dariya. Sai maƙwabciyarmu ta ce, “A'a, ba rowa ba ce. Lokacin da maigidana yake jinya ya ce kifi yake marmari, na zo na roƙa. Malam ya ce in koma gida. Kafin la'asar sai ga shi daga Funtuwa a kan keke, gumi sharkaf, da kifi a leda. Mai rowa zai yi haka?”

“To me ya hana shi kamo na bayan ɗakinsa?”

Can sai wata ta rage murya ta ce, “An ce na mutanen ɓoye ne yake kiwata musu.”

Inna, matar Baffa, tana zaune a lungun ɗakinta ta fara takaba. Na ga ta sunkuyar da kai, carbin hannunta ya tsaya, sannan ya ci gaba da tafiya.

Wannan hirar ce ta sa nake wannan rubutu. Ba na so abin da zai rage na Baffa a bakin mutane ya zama rowa da aljanu.

Washegari ina wanke tukwane a bayan gida sai aka shigo da wani dattijo. Kirista ne daga wajen Malumfashi, tare suka yi aikin kuza da Baffa a ƙasar Jos suna samari. Ya gama gaisuwa a ƙofar gida, ya roƙa a kawo shi baya. Ya tsaya bakin tafkin, ya cire hularsa, ya yi tari. Tarin Baffa ne sak, busasshe, mai fitowa daga can ƙasa.

Ya ce, “Ɗiyata, wa ke ƙara masa ruwa yanzu?”

Na ce, “Ni ce, Baba.”

“Kada ki bari ƙasan nan ya ga rana.” Ya mayar da hularsa. “Ni nawa yashin binne shi na yi a ƙarshen gona, na dasa ƙaya a kai. Shi ya ce bai yarda da ƙasa ba, wai ƙasa noma ta ake yi, wata rana wani zai tono. To ga shi ya tafi ya bar miki.”

Abin da muke kira tafkin Baffa rami ne na siminti a bayan ɗakin Inna, faɗinsa kamar ɗaki guda, zurfinsa ya kai ƙirjin namiji ta gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma bai wuce gwiwa ba. Ruwan kore ne. A ƙasansa akwai yashi wanda ba irin namu ba. Duhu gare shi, da laushi kamar gari, yana ƙyalli idan haske ya taɓa shi, kuma an ce cikin tafi ɗaya ya fi dutse mai girmansa nauyi.

Kowace safiya, in ya karya kumallo, Baffa zai ɗauki komarsa da wani tsohon daro ya zagaya baya. Zai kamo tarwada ɗaya, ya kwantar da ita a daron, ya duba idanunta ɗaya bayan ɗaya. Ya buɗe kunnuwanta ya ga ko jan cikinsu yana nan. Sannan ya ɗora babban yatsansa a ƙeyarta ya bi ƙashin bayanta a hankali har wutsiya, kamar mai neman ƙaya a ƙafa. In ya gama sai ya yi bisimilla ya mayar da ita ruwa. Akwai wata tsohuwa da yake kira Mai Doro. Bayanta a karye yake kamar lauje, idonta ɗaya fari fat, a karkace take iyo. Ita yakan yi wa magana. “Kin kwana, Mai Doro? To ni ma na kwana.”

Ina sabuwar zuwa, daga nesa nake kallonsa, don kunya. Shi ya fara kirana in riƙe masa daro. Da damina yakan tatsi ƙwan kifi ya shimfiɗa a ruwa kaɗan ya jira su ƙyanƙyashe. Na ga da yawa sun yi fari sun ruɓe. Waɗanda suka fito, wasu lafiya lau, wasu kuma sai su yi ta zagaya wuri ɗaya kamar mai neman abin da ya faɗi, kwana kaɗan su mutu.

Ya ce, “Babban kifi ba zai gaya miki komai ba, Amarya, jikinsa ya riga ya yi ƙwari. Ƙwan ake dubawa. Abin da bai gama zama ba, shi abin ya fi kamawa.”

Na ce, “Baffa, ƙaguwar nan fa? Ga ta nan ƙato-ƙato, ita ba abin da ya same ta.”

“Ƙaguwa da katantanwa sun fi kowa taurin rai. Za su yi ta yawonsu a kan abin da ya kashe ƙwai. Shi ya sa na fi tsoronsu. Wanda ya mutu ai ya gaya miki. Wanda bai mutu ba, ajiyewa yake a jikinsa.”

Ban tambaye shi wane abu ba. Na ɗauka maganar tsofaffi ce.

Sau ɗaya tak ya taɓa ɗaga min murya. Ina da cikin ɗiyata, kwaɗayin ƙasa ya kama ni, irin wanda mace kan kankare bango ta sa a baki tana ɓoyewa. Ran nan da rana na zagaya baya, ruwa ya ɗan ja, yashin ya leƙo ta gefen da ba zurfi, a jiƙe, yana ƙyalli, yana ƙamshin yayyafin farko. Yawuna ya tsinke. Na durƙusa na miƙa hannu na ɗebo.

“Amarya!”

Ban san yana da irin wannan murya ba. Ya taho a guje ba takalmi, mutumin da ko inuwata ba ya takawa, ya damƙe wuyan hannuna ya tsoma shi cikin ruwa yana girgizawa. Ya ja ni bakin rijiya ya yi ta kwarara min ruwa, yana duba ƙarƙashin farcena. “Kin sa a baki? Ki gaya min gaskiya, kin sa a baki?” Na ce a'a. Ya sake ni, ya zauna a ƙasa daɓas.

Na shige ɗaki ina kuka, har na fara haɗa kayana. Inna ce ta biyo ni, ta zauna bakin gado ta ce, “Ajiye zanen nan. Ni ma na taɓa yin yaji a kan yashin nan, ban ga abin da ya ƙara min ba.”

Daga bakinta na ji labarin. Ta ce inda Baffa ya yi aiki, injin yana tace kuza ya zubar da sauran yashin a baya, tsibi-tsibi, kowa ya ga dama ya ɗiba. Mutane suna yaɓe ɗakuna da shi saboda santsinsa. Da zai dawo gida gaba ɗaya sai ya cika buhuna ya loda a mota. Ya gina tafki don ya yi sana'ar kifi, ya shimfiɗa yashin a ƙasa saboda tarwada na son wuri mai laushi. Ya cika daro guda ya ba Inna, don ita sana'arta suyar gyaɗa ce, kuma gyaɗa da yashi ake soya ta.

Ta ce, “Yashin nan, ɗiyata, in ya ɗauki zafi ba ya saki. Gyaɗata ta yi suna har tasha. Kullum ina zaune, kasko tsakanin ƙafafuna, ina juyawa, ƙurar na shiga hancina. Ciki ya zo ya tafi. Wani ya zo ya tafi. Ɗaya ya kai har haihuwa, bai yi kuka ba.”

Bayan shekaru Baffa ya koma can gaisuwar mutuwar wani abokin aikinsu. Ya tarar da wasu mutane suna zagaya tsibin yashin da wata na'ura kamar ƙaramar rediyo. In an nesanta ta sai ta yi shiru, in an kusanta ta da yashin sai ta kama ƙas-ƙas-ƙas kamar ana suyar gugguru. Suka ce yashin yana fitar da wani tururi da ido ba ya gani, hanci ba ya ji, ba shi da zafi, amma yana ratsa jiki. Suka ce mafi muni a haɗiye shi ko a shaƙi ƙurarsa, kuma ba ya ƙarewa a rayuwar mutum, ko ta jikokinsa. Ya tambaye su wanda ya kai shi gida fa? Suka ce ya nisanta iyali da shi, kada ya bari ya bushe iska ta ɗauka.

“Ko sallama bai yi ba,” in ji Inna. “Ina kan suya, gyaɗa ta fara ƙamshi. Ya sa rigarsa ya sungumi kaskon daga kan wuta, ya zagaya baya, ya juye shi cikin tafki, gyaɗar da komai. Na ce ya haukace. Na ce ya kashe min sana'a don baƙin ciki. Na tafi gidanmu. Da ya je biko, mahaifina ya ce ya faɗi laifina. Sai Malam ya ce, ba ta da laifi, ni na kawo mata shi da hannuna.”

Ta murza bakin zanenta, ta ci gaba.

“Na sha gaya masa, Malam, ɓari na Allah ne. Mata nawa suka yi ɓari a garin nan ba su taɓa ganin Jos ba? Sai ya ce haka ne. Kifin ma, ya ce wata ƙila hannunsa ne bai iya ƙyanƙyasa ba, wata ƙila ruwan ne. Bai taɓa cewa ya tabbata ba. Rashin sanin ne ya cinye shi.”

Na ce, “To me ya sa bai gaya wa mutane ba, ake ta ce masa marowaci?”

“Ya gaya musu mana. Suka yi ta dariya a majalisa, wai yashi mai ƙuna ba zafi. Wani kuma da ya ji daga wurin kuza ya fito sai ya zo wai a sayar masa. Tun daga nan ya kama bakinsa. Da aka fara zancen aljanu har murna ya yi. Ya ce tsoron aljanu ya fi tsare yara.”

Ya sha tunanin kwashe shi, in ji ta, amma ya kai ina? In ya zuba a rafi, rafin fadama yake gangarawa, inda ake tumatir da albasa. Sai ya bar shi ƙarƙashin ruwa, ya ce ruwa ne murfinsa, kifin kuma su ne masu gadi, su za su nuna in abin ya tsananta.

Washegarin ranar da Baffa ya ɗaga min murya na buɗe ƙofa na tarar ya ajiye min ƙullin farar ƙasa, irin wadda masu ciki ke ci, daga kasuwar Bakori. Bai taɓa ta da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Ranar da ɗiyata ta fara rarrafe kuwa, kafin ta kai bakin ƙofa sau biyu ya samo kwano da katako ya yi wa hanyar baya ƙyaure.

Rediyo ba ta rabuwa da shi. Wata rana da la'asar yana zaune yana gyaran koma, aka ba da labarin wata ƙasa can gabas mai nisa, inda tashar wutarsu ta nukiliya ta lalace a bakin teku. Aka ce za su riƙa sakin ruwan wurin cikin teku bayan sun tace, maƙwabtansu kuma sun ce ba za su sayi kifinsu ba. Aka ce ana ta auna kifi da ƙaguwa da jatan lande, kuma kifin da ke kwanciya a ƙasan teku shi ya fi daɗewa da abin a jikinsa. Baffa ya ajiye komar. Ya ɗaga rediyon ya manna a kunne har aka shiga wani labarin.

“Kin ji, Amarya? Na ƙasa. Mai kwanciya a kan yashi. Tarwada ke nan.” Ya girgiza kai. “Ashe su ma masu jirage da na'urori kifi suke kamawa suna dubawa. Su kuma wa zai ƙara wa teku ruwa?”

Inna ta leƙo daga madafa ta ce, “To saura ka hana mu kifin ƙanƙara, mu koma cin kuka tsura.”

Ya ce, “Ke dai ki riƙa tambayar mai kifi daga wace teku.”

“Shi mai kifin ko dam bai taɓa gani ba, Malam.”

Ranar ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Tarin ne ya kwantar da shi daga baya. A asibiti sun ce ƙirji ne, suka ba da magani. Ko ƙurar aikin kuza ce, ko yashin ne, ko tsufa, ba wanda ya iya cewa. Da ƙafa ta gagara sai ya sa nake kawo masa daro har bakin shimfiɗarsa da kifi a ciki. Da hannu ma ya gagara sai ya ce in yi yana kallo. “Ido tukuna. Yawwa. Buɗe kunnen, kada ki ji tsoro, ba ta cizo. To bi bayan, a hankali, yatsanki zai ji abin da idonki bai gani ba.”

Ana gobe sadakar bakwai Yaya, wan maigidana, ya shigo ya tsaya ƙofar ɗakin Inna ya ce baƙi za su yi yawa. Yaya mutumin kirki ne, shi ya yi ta jigilar Baffa asibiti. Ya ce kifin nan dukiyar Baffa ce, babu sadakar da za ta fi isa gare shi kamar a ciyar da mutane da abin da ya yi shekaru yana wahala a kai. Zai kawo injin ban ruwansa a zuƙe tafkin. Ya ƙara da cewa magini ya ji labarin yashin, ya ce zai yi kyau a yaɓen sabon ɗakin da ake gina mana. Ɗakinmu. Inda ɗiyata za ta kwana, ita da ba ta ganin bango ba ta lasa ba.

Inna ta fara magana ƙasa-ƙasa, mata suka ce ta yi haƙuri, mai takaba ba ta jayayya, maza sun gama shawara.

Na sami maigidana na roƙe shi. Ya ce, “In ce wa Yaya me? Yashi na cizo? Ni ma Baffa ya gaya min tun ina yaro, amma kin taɓa ganin wanda ya kashe?” Na ce ban gani ba. Ya ce, “To.” Ni kuwa tun da aka kawo ni gidan, maganar da ta taɓa haɗa ni da Yaya ba ta wuce ina kwana ba, ita ma a durƙushe, kaina a ƙasa.

Da safe ina bakin murhu ina juya babbar tukunya na ji injin ya tashi. Na ce a raina bari in sauke wannan in je in sake roƙon maigidana. Ɗiyata na bar ta wurin mata a tsakar gida. Da na ɗago ban gan ta ba. Na duba hanyar baya, sai na ga an cire ƙyauren an jingine shi, don tiyo ya samu hanya.

Ban san lokacin da na yar da muciya ba.

Ruwan ya ja sosai. Yaya da wasu maza biyu suna ciki da taru, suna ta dariya, kifi na fantsama musu ruwa. Magini ya riga ya ɗebo shebur guda na yashin ya zuba a bakin tafki don ya gwada shi. Ɗiyata tana tsugune gaban wannan ɗan tsibi. Ta juyo ta kalle ni tana murmushi, leɓenta yana ƙyalli.

Na ɗauke ta na kifa ta a cinyata, na zura yatsa a bakinta ina ƙwaƙulowa. Tana ihu, ina ihu. Na ji yashin tsakanin haƙoranta, mai laushi, mai nauyi. Ban iya kashe inji ba, saboda haka da ita a hannu na je na jawo bakin tiyon da ke zubar da ruwa waje, na juyo shi na jefa cikin tafkin. Ruwan da ya fita ya riƙa komawa inda ya fito.

Yaya ya miƙe tsaye cikin ruwan. “Amarya, lafiyarki kuwa?”

Ba mayafi a kaina, ban durƙusa ba. Na ce, “Yaya, a gafarce ni, amma wallahi ba za a kwashe shi ba.”

“Ikon Allah. Ke ma zancen tsufan nan ya kama ki?”

Magini ya ce, “Hajiya, yashin nan fa ko gidan gwamna aka kai shi sai an yi godiya.”

Na ce, “Yaya, duba cikin tarunka.”

Mai Doro ce a ciki, ta kwanta a karkace, farin idonta yana sama. Ɗaya daga cikin mazan ya ja da baya yana a'uziyya. Yaya ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, “Tsohon kifi ne. Kowane tafki akwai irinsa.” Gaskiya ya faɗa. Baffa da kansa ba shi da amsar wannan.

Sai muka ji murya daga ƙaramar tagar ɗakin Inna, wadda ke kallon tafkin. Ba ta nuna fuskarta ba.

“Ɗana.”

Yaya ya ce, “Na'am, Inna.”

“An raba gado ne ban sani ba?”

“A'a, Inna.”

“To tun da ba a raba ba, ba mai ikon yin sadaka da abin da ba a san na wane ne ba. In an zo rabo, ku shaida, ba na son gona, ba na son ɗaki. Rabona a ba ni tafkin nan, da kifinsa, da yashinsa. Na fi kowa sanin abin da na biya a kansa.”

Yaya ya saki bakin tarun, kifin suka watse. Ya fito ya kashe injin da kansa. Ya ɗauki shebur ya mayar da yashin cikin ruwa, ya ɗauraye bakin tafkin, bai kalle ni ba ko sau ɗaya. Sannan ya hau babur ɗinsa ya nufi Funtuwa. Kifin da aka ci a sadakar Baffa a leda ya zo.

Mun kai yarinyar asibiti ran nan. Ma'aikaciyar ta duba ta ta ce ba ta ga komai ba, abin da ta haɗiya kaɗan ne, zai fita da bayan gida, amma kada ta sake kusantar wurin. Ta ce akwai masu auna irin wannan abu, a neme su. Maigidana ya yi wa wani magana a Zariya, muna jira. Yaya har yau cewa yake zancen tsufa ne, amma shi ya mayar da ƙyauren, ya sa masa kwaɗo, ya aiko min da makullin ta hannun matarsa. Inna ta tsufa. Ranar da ba ta, ban san wa zai yi magana ta tagar nan ba.

Wasu lokuta in ina zuba ruwa nakan ji kamar za a ce min Amarya daga baya. Nakan tuna ƙwan nan da suka yi fari a daro, in tuna wanda Inna ta haifa bai yi kuka ba, in ce wata ƙila ba komai, wata ƙila Baffa ya ƙare rayuwarsa yana gadin yashi kawai. Ina so ya zama haka. Amma ba zan gwada da ɗiyata ba.

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya sanyaya makwancinsa, Ya haɗa shi da 'ya'yan da bai samu ya ɗauka ba. Duk wanda ya taɓa ce masa marowaci, ya yi masa addu'a a madadin haka.

Yanzu ni ke ɗaukar koma da daro in na karya kumallo. In na gama da kifi na wanke hannu da sabulu, sai in kira ɗiyata in zaunar da ita a cinyata. Ido tukuna. In ce ta buɗe baki. Sannan in ɗaga rigarta, in ɗora babban yatsana a ƙeyarta in bi ƙashin bayanta a hankali har ƙasa. Ita ta ɗauka wasa ne, tana ƙyalƙyala dariya tana cewa, “Umma, saura ki mai da ni ruwa.”

Bayanta a miƙe yake. Yau dai a miƙe yake. Sai in sake ta, in ɗauki bokiti in nufi rijiya.